JAN FENTI A GIDAN AWO LAMILE

Shafi na 23

Masu zagin Akwoko a ƙasan shafin jiya, duk na gan ku. Wata har cewa ta yi in jefa ta teku kowa ya huta. Ni dai ban jefa kowa ba, amma ku gyara zama, yau ba ruwana.

*

Hayaƙi ya sake turnuƙe idon Akwoko, ta kawar da kai ta goge hawaye da bakin zaninta. Tun da safe take gaban tsohon murhun laka na mahaifiyarsu tana bandar kifi, har rana ta take ba wanda ya tsaya ko farashi ya tambaya.

Ta yi wa kanta alkawarin ba za ta kalli tsallaken kwata ba. Sai da ta kalla.

Motar otal ɗin nan mai sayen kifi ce ta sake zuwa daga cikin Accra. Mata kuma sun yi layi da kwanduna, kowa na kiran suna ɗaya. Akwele! Anti Akwele! Ita kuwa 'yar tagwaicin tata tana tsaye gaban sabon murhunta na bulo mai dogon bututu, wanda ƙungiyar mata masu banda ta gina mata, tana dariya da dukan haƙoranta. Murhun ba ya baƙanta kifi, ba ya sa ido hawaye. Kifi fitowa yake ja-ja-wur, ƙamshinsa har nan.

Ciki ɗaya, rana ɗaya, fuska ɗaya. Tun suna zanin goyo ba a taɓa ba ɗaya ko ƙwai ba a ba ɗayar ba, don a gidansu an yarda duk wanda ya bambanta tagwaye ya jawo wa kansa fushinsu. Amma da aka zo rabon murhu, guda ɗaya aka bayar, kuma Akwele aka kira. Akwelen da ba ta gama firamare ba. Akwoko kuwa, da ta yi karatu har sakandare, da ita ce ma ta cike wa ƙungiyar takardun neman murhun da hannunta, an bar ta da laka da baƙin hayaƙi.

Abin na cin ta. Ci na gaske.

Ta zaro wayarta daga ƙullin zani, ta sake buɗe shafin nan da ya zame mata abokin hira. Shafin bayanan gunduma ne da hukuma ta buɗe wa kowa a intanet, a ciki aka zuba dokokin gari da kuɗin haraji da sauran tarkace. A taron ƙungiya aka koya musu shiga, don su riƙa duba hakkinsu. Sauran mata sun yi ta hamma. Akwoko kaɗai ta riƙe, kuma ba hakkinta ta je nema ba.

Makon jiya ta zauna ta rubuta “hayaƙi” a wurin bincike, aka jero mata dokar ƙona shara. Ta goge ta rubuta “kifi”, aka kawo mata harajin kasuwa. Da ta rubuta “murhu” ne abin ya faɗo. Ta sauke dokar gaba ɗaya, datarta ta kusa ƙarewa, ta bi ta layi-layi har ta iso inda take so: duk sabon murhun banda da aka gina da bulo sai da izini, kuma ba a yarda ya matsi ɗakin kwana ba. Wanda aka kai ƙorafi a kansa, a shafa masa jan fenti a rushe.

Murhun Akwele kuwa kafaɗa da kafaɗa yake da ɗakin wani tsoho.

A ƙasan shafin akwai wurin kai ƙorafi. An ce ba a bayyana suna, lambar waya kawai ake so. Ta rubuta: “Sabon murhun bulo a gidan Awo Lamile, bakin kwata.” Ta tura. Tun daga ranar ta cire wa wayar ƙara, ta bar ta sai dai ta girgiza.

“Wai ke wayar nan miji ce?”

Akwoko ta zabura ta kife wayar a cinya, ta lallaɓa ta mayar da ita ƙullin zani. Mahaifiyarsu ce, Awo Lamile, ta fito tana jan ƙafa, da fararen yadudduka biyu a kafaɗa.

“Awo, kin tsorata ni.”

“Me kike ɓoyewa da za ki tsorata? Kifinki na ƙonewa kina danne-danne. Ungo, zaɓi ɗaya. Jibi Juma'ar bikin tagwaye, ba na son a zo ranar ki ce na ’yar'uwarki ya fi fari.”

“Ba iri ɗaya ba ne?”

“Iri ɗaya ne mana. Yaushe na taɓa bambanta ku?”

Akwoko ta yi wata 'yar dariya ta hanci. “Ke kam ba ki taɓa ba.”

Tsohuwar ta dube ta, sai ta sauya magana. “Doya na nan, ƙwai na nan, manja ne ya rage. Kuma na faɗa miki kada ki bi ta bayan ɗakina, Tawia bai gama rumfar itacen nan ba, ƙusoshi ne ko'ina.”

“Rumfar itace wata guda? Ƙanen nan namu da fada yake ginawa da tuni sarki ya mutu a waje.”

“Bakinki dai.”

Kafin Akwoko ta amsa, katakon da aka gitta a kan kwata ya yi ƙara. Akwele ce ke tsallakowa da faranti a kai, tana rangaji.

“Awo, ga na miya. Ƙanwata, ga naki, na zaɓo miki masu ƙwai.”

“Wa ce ce ƙanwarki?”

“Au, yau kuma da wannan aka tashi? Na riga ki shaƙar iskar duniya, ko ungozoma ta yi ƙarya?”

“Ɗauke kifinki. Ina da nawa.”

Akwele ta leƙa ragar murhun, ta ga kifin da ya yi baƙi ƙirin a gefe ɗaya. Ta ɗago ta dube ta. Kallon nan ya fi zagi yi wa Akwoko ciwo.

“Faɗi mana. Ki ce gawayi nake sayarwa.”

“Ni na ce?”

“Idonki ya ce.”

“Akwoko, na ce ki riƙa kawo kifinki can mu yi tare. Sau nawa zan faɗa?”

“In zo in zama 'yar aikinki? In riƙa jera miki raga ana kiran Anti Akwele, ni kuma ana ce mini ‘ke mai kama da ita, miƙo kwando’?”

“Wa ya ce miki haka?”

“Direban otal ɗinki! Ranar nan har ya gaishe ni da fara'a, da ya gane ba ke ba ce sai ya janye gaisuwarsa.”

Akwele ta kusa yin dariya, ta danne. “To laifina ne mun yi kama?”

“Laifinki kin karɓa! Da aka kira sunanki a taron nan, da kin tashi kin ce mu biyu ne, ba a ba mu abu ɗaya. Ko a faɗa ne ki faɗa. Amma kika miƙe kina gyara ɗankwali ana tafa miki. Ni da na cike takardun ina zaune a bayanki, ko waiwayowa ba ki yi ba.”

“Na waiwayo.”

“Ƙarya kike.”

“Na waiwayo, kin riga kin fita.”

Awo Lamile ta buga sandarta a ƙasa. “Ku rufe mini baki! Jibi za ku sa fari ku ci a akushi ɗaya, yau kuna haushi kamar karnukan bakin teku. Ke Akwoko, ki yi haƙuri zuwa Juma'a. Juma'a kawai na ce.”

“Me zai faru Juma'a? Hayaƙi zai daina shiga idona?”

Uwar da Akwele suka dubi juna. Akwoko ta ga kallon, ya ƙara tunzura ta. Wato har sun fara magana da ido a gabanta.

A daidai nan wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a bakin layi. Layin ya yi tsit. Mai wankin kwanduna ta tsaya da wanki, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan, ta ja tukunyarta ciki. Duk unguwar masunta ba wanda bai san motar duba-gari ba.

Mutum biyu suka sauko. Na gaba dogo ne mai kaki, riƙe da wata faffaɗar waya. Na bayansa gajere, da bokitin jan fenti da buroshi.

Gaban Akwoko ya faɗi, sannan wani daɗi mai ɗaci ya biyo baya. Sun zo. Ashe da gaske suna zuwa.

“Sannunku da aiki. Sunana Ofisa Ankoma. Nan ne gidan Awo Lamile?”

“Ni ce, ɗana. Lafiya? Kwatarmu a share take, ka duba.”

“Ba kwata ta kawo ni ba, Awo. Ƙorafi aka shigar ta shafinmu, wai an gina sabon murhun bulo a gidan nan ba izini.”

Farantin da ke hannun Akwele ya karkace, kifi biyu suka zube ƙasa.

Akwoko ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Cikin muryar da ta yi ƙoƙarin sa ta zama ta ba-ruwana ta ce, “Mu nan laka gare mu, Ofisa. Tun kakarmu. In bulo kuke nema, ai ba ya ɓuya.”

Ba ta nuna da hannu ba. Haɓarta ce ta ɗan karkata zuwa tsallake.

Ofisan ya bi haɓar da kallo, ya ga dogon bututun, ya ga layin mata. Ya duba wayarsa, ya ja yatsa, ya girgiza kai.

“Wancan ba namu ba ne.”

“Kamar yaya ba naku ba?” Maganar ta kuɓuce mata da ƙarfi fiye da yadda ta so.

“Ba gundumarmu ba ce. Zo ki gani.”

Ya juyo mata da fuskar wayar. Shafin nan ne dai, nata na kullum, amma ya taɓa wani wuri da ita ba ta taɓa kula da shi ba, wurin taswira. Ga unguwarsu daga sama, ga rufin kwano, ga teku. Ga kuma wani shuɗin layi ya bi ta kan kwatar tiryan-tiryan.

“Tun da aka raba birni aka ƙirƙiro sababbin gundumomi, kwatar nan ce iyaka. Nan namu, can na maƙwabta. Dokarsu daban, shafinsu daban. Ko gini ya kai sama a can, ba ni da ikon ɗiga masa fenti.”

“Amma ai gida ɗaya ne!” in ji Akwoko. “Nan da can duk gidan Awo ne. Filin kakanmu ne, a idonmu aka haƙa kwatar ta ratsa shi. Tambayi kowa.”

“Gaskiya ne, gida ɗaya ne,” mata suka amsa daga bakin ƙofa.

“A wurinku,” ya ce. “A taswira biyu ne.”

Akwoko ta ƙura wa shuɗin layin ido. Duk karatun da ta yi wa dokar nan, har ta kusa haddace ta, ba ta taɓa tambayar kanta ko dokar ta tsallaka katako ba. Wa zai yi wannan tunanin? Katakon da take bi ta karɓo gishiri?

To shi ke nan, ta ce a ranta, su tafi. Ba a rushe ba, ba a kuma san ita ba ce. Ta yi asarar data kawai.

Amma Ofisa Ankoma bai juya ba. Ya ɗaga hanci yana shinshina.

“Awo, ƙorafin ya ce gidanki. Kuma ni ina jin warin sabon siminti. Mene ne a bayan ɗakin can?”

“Rumfar itace ce,” Akwoko ta amsa da sauri, don su tafi. “Ƙanenmu ke ginawa.”

Ta dubi uwarta, ta ga tsohuwar ta dafe bango. Ta dubi Akwele, ta ga ta matsa kusa da ofisan.

“Ofisa,” Akwele ta ce a hankali, “don Allah ka bari sai bayan Juma'a.”

“Madam, ni aiki aka turo ni.”

Ya zagaya. Kowa ya bi shi, har matan layi. A bayan ɗakin Awo an jingina tsofaffin kwanukan rufi, an lulluɓe wani abu da shuɗiyar tamfol. Gajeren ya ajiye bokiti ya ja tamfol ɗin.

Murhu ne.

Na bulo, mai ɗakuna biyu, da ƙofofin ƙarfe, da sababbin ragogi a jere ko ɗigon mai bai taɓa su ba. Bututunsa na kwance a gefe ba a ɗora ba tukuna. Komai nasa irin na tsallake ne sak. A goshinsa, tun simintin na ɗanye, wani ya rubuta da tsinke, da rubutu karkatacce irin na wadda ba ta gama firamare ba:

AKWOKO.

Har ta juya K ɗin farko baibai.

Akwoko ta tsaya kamar an dasa ta. Ta karanta sunanta, ta sake karantawa.

“Na wa ne wannan?” ofisan ya tambaya.

“Nata ne,” in ji Akwele, hawaye na zubo mata. “Ba ta sani ba. Tun ranar da aka ba ni nawa ban yi barci mai daɗi ba, Ofisa. Mu tagwaye ne, ba a ba mu abu ɗaya. Na je na roƙi ƙungiya, suka ce guda ɗaya ke nan. Shi ne duk abin da motar otal ta kawo nake sayen bulo da shi, Tawia na ginawa in Akwoko ta tafi bakin teku sayen kifi. Jibi muka shirya in mun sa fari, Awo ta kama hannunta ta kawo ta nan.”

Ta juyo ta kama hannun Akwoko. “Kin ga abin da ya sa nake ta haɗiye zaginki? Na so in ga fuskarki ne ranar. Yanzu ga shi wani maƙiyi ya ɓata mana.”

Akwoko ta so ta zare hannunta, ta kasa. Kunya ce ta rufe ta tun daga tafin ƙafa. Kuma abin da ya fi ba ta tsoro, ko a cikin kunyar akwai sauran kishi yana motsi: wato har a kirki ma Akwele ta fi ta.

Ofisan ya auna tsakanin murhun da bangon ɗakin Awo da ido. “Ya matsi ɗakin kwana. Ba izini. Ga ƙorafi.” Ya yi wa gajeren alama.

Gajeren ya tsoma buroshi a bokiti.

“Wayyo ni Lamile!” Tsohuwar ta zube a kan gwiwa. “Ɗana, dubi furfurata. Wane mara tsoron Allah ne ya yi mana wannan? Wa muka tsare wa hanya? Faɗa mini sunansa, in je tsirara bakin teku in kira shi in tsine masa!”

Mata suka ɗauka. “Hassada ce!” “'Yan layin baya ne, na rantse!” “Duk wanda ya yi, ba zai ga bikin bana da lafiya ba!”

Kowace kalma a kan Akwoko take sauka.

“Ba ma faɗin suna, Awo, mu ma ba mu da shi,” in ji Ofisa Ankoma. Ya dubi tsohuwar a ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, ya ɗaga wa gajeren hannu. “Dakata. Tashi, Awo, ki saurare ni. Murhun nan ba a kunna shi ba. Wanda ba a kunna ba, ana iya neman masa izini, a ƙara tsawon bututu, a yi katanga tsakaninsa da ɗaki, a bar shi. Amma muddin da ƙorafi a kansa, ba a karɓar neman izini. Rushewa ce kawai.”

“To yaya za a yi?” Akwele ta tambaya.

“Mai ƙorafin ya bar lamba. Zan kira shi yanzu a gabanku. In ya ɗauka ya ce ba wannan murhun yake nufi ba, na rufe maganar, gobe ku zo ofis. In bai ɗauka ba, na shafa fentina na tafi, Litinin masu guduma su zo.”

“Kira shi!” in ji mata. “Sa a lasifika mu ji muryar munafuki!”

Akwele ta matso ta rungumo Akwoko ta gefe, ƙugu ya haɗu da ƙugu, kamar yadda suke yi tun suna yara in an yi tsawa. “Yi addu'a ya ɗauka,” ta raɗa mata. “Ko waye, Allah ya sa ya ɗauka.”

Jan fenti na ɗiga daga buroshi, ɗis, ɗis, a kan ƙasa, dab da gindin murhun.

Ofisan ya danna lamba. Kowa ya kasa kunne. Daga lasifika aka ji ta shiga.

A cikin ƙullin zanin Akwoko, daidai inda ƙugunta ya manne da na 'yar'uwarta, wayar ta fara girgiza.

Ba wanda ya ji. Ba wanda zai iya ji, sai mutum ɗaya.

Hannun Akwele da ke kafaɗarta ya sandare. A hankali ta sunkuyar da kai ta dubi ƙullin zanin. A hankali ta ɗago ta dubi fuskar da take irin tata sak. Hawayenta sun tsaya cak.

“Ba a ɗauka ba,” in ji ofisan. “Zan sake sau ɗaya.”

Wayar ta sake girgiza a tsakaninsu.

Akwele ba ta sake ta ba. Ta ƙara matso da bakinta kusa da kunnenta, murya ƙasa-ƙasa yadda ko Awo ba za ta ji ba.

“Ɗauki mana, ƙanwata. Ke ake kira.”